Ƙawanyar Ƙustantiniyya ta 717: yadda yunwa ta koma sansanin masu kewaye

A shekara ta 714 aka yi shela a birnin Ƙustantiniyya, wanda yau ake kira Istanbul, kakanninmu kuma suka san shi da Santambul, cewa duk magidancin da ba zai iya tara abincin da zai ishi iyalinsa shekara uku ba, ya tattara nasa ya nasa ya bar gari. A ranar babu maƙiyi ko ɗaya a bakin ganuwa, rundunar da ake tsoro ma ba ta gama taruwa ba. Wanda ya ba da umarnin, Sarkin Rum Anastasiyus na Biyu, bai taɓa yin suna a fagen fama ba. Magatakarda ne na fada, sunansa na yanka Artemiyus, an ɗora shi kan gadon sarauta a 713 bayan an tuɓe wanda ya gabace shi an makantar da shi. A ganina wannan shela ta magatakarda tana cikin manyan abubuwan da suka yanke hukuncin yaƙin da aka gwabza daga 717 zuwa 718, kuma ita aka fi mantawa idan ana ba da labarin, domin ganuwa da wutar Rumawa sun fi daɗin faɗi.

Yadda ɓangarorin biyu suke

Daular Banu Umayya tana kan ganiyarta a lokacin. A zamanin Halifa Walid ɗan Abdulmalik, Ɗariƙ ɗan Ziyad ya tsallaka Andalus a 711, Muhammad ɗan Ƙasim ya shiga Sind, Ƙutaiba ɗan Muslim ya ci Bukhara da Samarƙand. Rumawa kuwa tuni sun rasa Sham da Masar, a 698 kuma Kartaj ta kuɓuce musu, da ita duk Afirka ta Arewa. Abin da ya rage musu shi ne Anatoliya, wato ɓangaren Asiya na Turkiyyar yau, da wasu yankunan Balkan da Italiya, da tsibirai, sai babban birnin. A cikin gida ma babu kwanciyar hankali: daga 695 zuwa 717 sau shida aka raba sarki da gadonsa da ƙarfi kafin Liyo na Uku ya hau. Wani an yanke masa hanci, wani an ƙwaƙule masa ido, wasu an fille musu kai.

Ga Musulmi, birnin yana da wani matsayi da ya wuce ganima. Tun zamanin Mu'awiya an kai hari har gindin ganuwarsa, a can Abu Ayyub al-Ansari (RA), mai masaukin Manzon Allah (SAW) a Madina, ya rasu aka binne shi, unguwar Eyup ta Istanbul sunansa ta ci. Akwai kuma hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito mai yabon shugaba da rundunar da za su buɗe Ƙustantiniyya, kuma a ƙarshen ruwayar mai ba da ita yana cewa Maslama ɗan Abdulmalik ya kira shi ya tambaye shi, ya faɗa masa, sai Maslama ya tafi yaƙin. Ga shekara ta 100 bayan Hijira tana ƙaratowa, zukata sun cika da tsammanin wani babban al'amari. Da Walid ya rasu a 715, ɗan'uwansa Sulaimanu ya gaje shi, ya kafa sansani a Dabiƙ a arewacin Sham, ya yi alwashin ba zai bar wurin ba sai rundunarsa ta shiga birnin. Ya damƙa jagoranci a hannun Maslama, ɗan'uwansa na wajen uba, wanda ya shafe shekaru yana yaƙi a kan iyakar Rum kuma ya san ƙasar ciki da bai.

Ganuwar da za a tunkara

Birnin yana zaune ne a kan wani tsinin ƙasa mai kusurwa uku. Ta kudu tekun Marmara, ta arewa wani dogon lungun ruwa da ake kira Ƙahon Zinariya, wanda shi ne tashar jiragen birnin, ta gabas kuma mashigin Bosforus mai haɗa Marmara da Baƙin Teku. Ta yamma kaɗai ake isa gare shi da ƙafa, nan ne aka gina ganuwar da ta ci sunan Sarki Tiyodosiyus na Biyu. An gama ta a 413 a ƙarƙashin kulawar babban wazirinsa Antimiyus, tsawonta kusan kilomita shida.

Wanda ya doso ta daga waje, abin da zai fara tararwa gwalalo ne mai faɗin kusan mita 20, an daɓe gefensa da dutse. In ya tsallake, sai ɗan gajeren katanga, bayansa fili a buɗe inda kibiya ke samun mutum ta ko'ina. Sannan ganuwar waje, mai tsayin mita takwas zuwa tara, da nata hasumiyoyin. Bayanta wani fili kuma, inda mayaƙan gari ke kai da komo. Daga nan sai babbar ganuwa ta ciki, tsayinta kusan mita 12, kaurinta kusan mita biyar, da hasumiya 96 da wasunsu suka kai mita 20. An tsara su ta yadda wanda ke kan badalar ciki zai yi harbi ta saman kan ɗan'uwansa da ke kan ta waje, duka biyun suna zuba wa mutum ɗaya. Daga bakin gwalalo zuwa bayan ganuwar ciki kusan mita 60 ne, ke nan majaujawar jifa da duwatsu ta wancan zamani sai an girke ta nesa, jifanta ya isa a gajiye. An yi ginin da jerin farar duwatsu ana ratsa su da layukan jan bulo, cikin kuma aka cika shi da tsakuwa da turmi mai ƙarfi.

An sha jarraba ta. A 447 girgizar ƙasa ta rushe hasumiya 57, a daidai lokacin da Atila, sarkin Hun, ke ɓarna a Balkan. Wani babban jami'i mai suna Kustantinus ya tara mutanen gari, har da ƙungiyoyin magoya bayan tseren keken doki, Shuɗaye da Koraye, suka tayar da ita cikin kwana 60. Rubutun da ke shaida haka yana nan a jikin ɗaya daga ƙofofin har yau. A 626 Abarawa, wata al'ummar mahaya daga yankin kogin Danube, suka kewaye ta da dubban mayaƙa yayin da rundunar Farisa ke tsaye a tsallaken Bosforus, suka koma ba su ci ba.

Akwai wani abu game da ita da duk wanda ya san ganuwar Kano zai gane nan take. Magina ba su tsaya a bakin gidaje ba, sun zagaye fili mai yawa da babu gini, kamar yadda tsohuwar badalar Kano ta rungumi gonaki da kududdufai tare da Dala da Goron Dutse. A cikin wannan fili na Ƙustantiniyya akwai lambuna, da manyan tafkunan ajiyar ruwa na Ayitiyus da Asfar da Mokiyus, ban da na ƙarƙashin ƙasa, irin wanda Justiniyan na Farko ya gina mai ginshiƙi 336. Wannan ya yi rana ƙwarai a 717, domin doguwar magudanar da ke kawo ruwa daga tsaunukan Tarakiya, ƙasar da ke yamma da birnin, Abarawa sun katse ta tun 626, ba a kuma gyara ta ba sai wajen shekara 140 bayan haka. Mai kewaye ba shi da ruwan da zai toshe. Jama'ar birnin kuma ta ragu matuƙa daga yadda take a zamanin Justiniyan, saboda annoba da kuma yankewar alkamar Masar da a da ake rabawa kyauta. Birni ne mai ganuwar babban gari da cikin ƙaramin gari, irin wannan kuwa shi ya fi wuyar kashewa da yunwa.

Abin da Anastasiyus ya yi, da abin da aka yi masa

Da jita-jitar shirin ta iso, Anastasiyus ya tura Daniyel na Sinof, hakimin birnin, zuwa Dimashƙa da sunan neman sulhu, ya ce masa ya buɗe ido. Daniyel ya dawo da labarin cewa ana tara mayaƙa da jirage irin waɗanda ba a taɓa gani ba. Sarkin bai ɓata lokaci ba. Bayan shelar abincin shekara uku, ya cika rumbunan gwamnati da hatsi, ya sa aka gyara ganuwar tudu da ta bakin ruwa, aka girke majaujawa da injunan harba manyan kibau a kan hasumiyoyi, aka shiga ƙera jiragen yaƙi.

A 715 ya so ya riga abokan gaba. Ya ji jiragen Iskandariyya sun zo gaɓar kudancin Anatoliya saran katakon ƙera jirage, sai ya tara nasa a tsibirin Rodos don su je su ƙone katakon. A can sojojin lardin Obsikiyon suka yi tawaye, suka kashe kwamandan, suka juyo gida. A garin Adramitiyon suka sami wani mai karɓar haraji mai suna Tiyodosiyus suka ce shi ne sarki. Mutumin ya gudu ya ɓuya a dutse, suka zaƙulo shi suka tilasta masa. Wata shida ana fafatawa tsakanin Rumawa da Rumawa, a ƙarshe wasu na ciki suka buɗe wa 'yan tawaye ƙofa ta unguwar Bilakerna. Anastasiyus ya sauka, ya sa rigar zuhudu, aka tura shi Tasalonika.

A nan ya kamata mai nazari ya dakata, domin nan ne za a fahimci Maslama. Cikin shekara goma an shiga wannan birni aƙalla sau biyu ba tare da an fasa ko bulo ɗaya ba. A 705 Justiniyan na Biyu, mai yankakken hanci, ya kutsa da 'yan mutane kaɗan ta wata tsohuwar magudanar ruwa da dare ya karɓe sarautarsa. A 715 kuma an buɗe ƙofa daga ciki. Da ɗan gari akan ci gari, Maslama kuwa ya ga alamar ɗan garin da zai yi masa wannan aiki.

Liyo

Sunansa Liyo, Larabawa suna ce masa Ilyun. Haifaffen Mar'ash ne a kan iyakar Sham, garin da yau ake kira Kahramanmarash a Turkiyya, majiyoyin Larabawa kuma sun ce yana jin Larabci. Anastasiyus ne ya naɗa shi kwamandan lardin Anatolikon, runduna mafi girma a ƙasar, kuma ya ƙi yin mubaya'a ga mai karɓar harajin nan, Tiyodosiyus na Uku. A 716, da rundunar Musulmi ta shigo Anatoliya ta doshi Ammuriyya, babban birnin lardinsa, sai aka shiga aike tsakaninsa da kwamandojin Maslama. Abin da ya bari suka fahimta shi ne, in suka mara masa baya ya zama sarki, zai riƙe ƙasar a ƙarƙashin Halifa. Da wannan zance ya sami sukunin shigar da mayaƙa 800 cikin Ammuriyya, ya kuma sa Maslama ya riƙa kauce wa ɓarna a yankinsa yana ɗaukar sa ƙasar aboki. Maslama ya wuce yamma, ya ci Sardis da Fargamon, ya yi hunturu a can.

Liyo kuwa ya haɗa kai da Artabasdos, kwamandan lardin Armeniyakon, bisa alkawarin ba shi 'yarsa. Ya kama ɗan Tiyodosiyus a Nikomidiya, manyan fada da babban limamin coci suka shiga tsakani, mai karɓar harajin da dama bai nemi sarauta ba ya sauka lafiya. Ranar 25 ga Maris, 717, Liyo ya shiga birnin aka naɗa shi. Ya tarar da rumbuna cike da ganuwa a gyare, aikin mutumin da ke zaune a Tasalonika. Yana da wata huɗu zuwa biyar kafin baƙi su iso, ba shi kuma da niyyar miƙa wa kowa komai.

Ba na ganin Maslama a matsayin wawan da aka yaudara cikin sauƙi, kamar yadda wasu ruwayoyi ke nuna shi. Ya san ganuwar ba ta ciwuwa da tsani da majaujawa, ya kuma ga yadda aka shiga ta a baya. Inda ya yi kuskure shi ne tsammanin mutumin da ya riga ya hau gadon Ƙaisar, yana bayan ganuwa mafi ƙarfi a duniyar wancan lokaci, zai ga wani dalilin cika alkawarin da ya ɗauka lokacin da yake tsakiyar fili.

Ƙawanya

Rundunar ta tsallaka zuwa ɓangaren Turai ta mashigin Abidos, ta isa gaban ganuwar a tsakiyar Agustan 717 bisa lissafin Tiyofanis, malamin zuhudun Rumawa da ya rubuta tarihinsa kusan shekara ɗari bayan haka. Malamin tarihin Larabawa Mas'udi ya ce mayaƙa 120,000 ne, Tiyofanis ya ce jirage 1,800. Marubutan da sun saba kumbura adadi, amma kowa ya yarda ita ce runduna mafi girma da Banu Umayya suka taɓa turawa Rum. Maslama bai ɓata mutanensa wajen hawan ganuwa ba. Ya haƙa rami ya yi katangar dutse tana fuskantar birnin daga teku zuwa teku, ya yi wata a bayansa tana fuskantar karkarar Tarakiya, sansaninsa a tsakiya. Shirinsa a fili yake: a toshe tudu, jirage su toshe ruwa, a zauna har yunwa ko rikicin cikin gida ya buɗe ƙofa.

Malamin tarihi Ɗabari ya kawo yadda Maslama ya tanadi guzuri. Ya umarci kowane mahayi ya ɗauko mudu biyu na abinci a bayan dokinsa, aka zube a gefen sansani har ya zama tsibi kamar duwatsu, ya ce kada a taɓa, a ci daga abin da aka samo a hari, a kuma yi shuka. Aka gina ɗakunan katako don hunturu. Mutum ne da ya zo da niyyar zama.

Ranar 1 ga Satumba jiragen suka iso suka yi sansani kudu da birnin. Bayan kwana biyu iskar kudu ta taso, suka ɗaga don su wuce gaban birnin su shiga Bosforus, su datse hanyar Baƙin Teku. Duk wanda ya san wannan mashigi ya san ruwansa gangarowa yake daga arewa da ƙarfi, jirgi mai nauyi ba ya haura shi sai da iska a bayansa. Yawancinsu sun wuce. Ashirin na ƙarshe, manya masu nauyi, kowanne da mayaƙa ɗari, suna tsakiyar mashigin iska ta ɗauke, igiyar ruwa ta fara mayar da su baya zuwa gindin ganuwa. Liyo ya saki jiragensa masu wuta.

Wannan wuta wani magini ne mai suna Kalinikos, ɗan gudun hijira daga Sham, ya kawo wa Rumawa ita wajen shekara ta 672. Wani haɗi ne mai ruwa-ruwa, mai yiwuwa tushensa ɗanyen man da ke tsattsafowa a gaɓar Baƙin Teku, ana zafafa shi a fesa ta bututun tagulla daga goshin jirgi, yana ci ko a kan ruwa. Sirrin haɗin a hannun fada yake, an riƙe shi har ya ɓace tare da masu shi. Jiragen nan ashirin wasu suka nutse da mutanensu, wasu suka yi ta yawo suna ci da wuta har tsibiran da ke cikin Marmara. A daren Liyo ya sa aka janye sarƙar ƙarfen da ke tare bakin Ƙahon Zinariya, daga birnin zuwa hasumiyar Galata. Kwamandan jiragen ya ga ƙofa a buɗe, ya gane tarko ne, ya ƙi shiga, ya kai jiragensa wani lungu can arewa a cikin Bosforus ya ɗaure su.

Jirgi 20 cikin ɗaruruwa ba wata asara ba ce ta adadi. Asarar ita ce, daga ranar jiragen ba su ƙara kusantar birnin ba. An toshe tudu, ruwa ya zauna a buɗe, ƙawanyar ta zama rabi tun a makon farko.

Hunturu

Ba a yi wata biyu ba labari ya zo cewa Halifa Sulaimanu ya rasu a Dabiƙ, a watan Safar na 99, bai bar wurin ba kamar yadda ya yi alwashi. Umar ɗan Abdul'aziz ya gaje shi. Sannan sanyi ya sauko, irin wanda mutanen yankin ma ba su saba gani ba. Tiyofanis ya ce kwana 100 ba a ga ƙasa ba saboda dusar ƙanƙara. Mutanen Sham da Jazira da ke cikin ɗakunan katako da tantuna suka fara mutuwa, dawaki da raƙuma suka riga su.

A nan ne ruwayoyin Larabawa ke kawo labarin yaudarar Liyo. A wata ruwaya ta Ɗabari, ya aika wa Maslama cewa mutanen gari sun ga tsibin abincinsa sun san jira zai yi ba faɗa ba, in ya ƙone shi za su tabbata da gaske yake su miƙa wuya, Maslama kuwa ya ƙone. A wata kuma, ya roƙi a bar shi ya shigar da wani abu daga hatsin don mutane su yarda cewa shi da Maslama bakinsu ɗaya, aka yarda, ya kwashe da dare, gari na wayewa ya fito da shirin yaƙi. Ruwayoyin biyu ba sa haɗuwa, kuma ina ganin dukansu ƙoƙari ne na rataya wa mutum ɗaya abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A yi lissafi mai sauƙi. A ce mutum 100,000 ne, kowa kilo ɗaya na hatsi a yini. Buhu 1,000 ke nan mai kilo ɗari, kullum, ban da abincin dabbobi. Mudu biyu a bayan kowane doki ba ya kai runduna irin wannan ƙarshen hunturu ko ba a ƙona ƙwaya ɗaya ba. Tarakiya an riga an cinye ta a watannin farko, Sham tana nesa da fiye da kilomita 1,000, teku kuma ba ta hawuwa a hunturu. Duk wanda ya yi nisa da sansani neman abinci kuwa, Bulgarawa na jiran sa, waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da Rumawa a 716.

Ɗabari ya ce sun ci dabbobin hawa, da fatu, da saiwoyin itace, da ganye, da komai in ban da ƙasa. Tiyofanis ya faɗi abin da ya fi wannan muni, amma shi abokin gaba ne, ba sai an bi shi ba. Abin da Ɗabari ya faɗa ya isa. Waɗannan mutane ne da suka baro gidajensu da niyyar samun falalar da aka yi alkawari, da yawansu ba su taɓa ɗaga takobi a kan ganuwar ba, cuta da sanyi suka ɗauke su a tsakanin katangu biyu da suka gina da hannunsu. A cikin birnin kuwa ana cin hatsin Anastasiyus.

Taimakon da ya zo ya ƙone

Da sanyi ya sauka a 718, Umar ya turo agaji. Jirage 400 suka taso daga Masar ɗauke da hatsi da makamai, wasu 360 daga Ifriƙiyya, yankin Tunisiyar yau, rundunar tudu kuma ta ratso Anatoliya. Da kwamandojin jiragen suka ji labarin wutar, sai suka ƙi kusantar birnin, suka ɓuya a lungunan gaɓar Asiya ta tekun Marmara. Amma yawancin matuƙan jiragen Masar Kiristoci ne. Wani dare wasu daga cikinsu suka sauke ƙananan kwale-kwale suka tsere zuwa birnin suna kiran sunan sarki, suka faɗa wa Liyo inda kowane ayari yake. Ya tura jiragen wuta suka same su a ɗaure, suka ƙone na ƙonewa, suka kwashe hatsin da aka kawo wa Maslama suka shigar da shi birni. Rundunar tudun ma an yi mata kwanton ɓauna a tsaunukan kusa da Nikomidiya aka tarwatsa ta.

Daga nan gaɓar Asiya ta buɗe sarai. Kwale-kwalen birnin suna tsallakawa su yo kaya, masunta suna fita kamun kifi kamar ba a yaƙi. Bulgarawa kuma suka auka wa sansanin ta baya, Tiyofanis ya ce sun kashe 22,000.

Umar ɗan Abdul'aziz ya aika wa Maslama ya dawo da waɗanda suka rage. Bai tsaya ga umarni ba, ya tura abinci mai yawa da dawaki na ƙwarai, an ce 500, ya kuma kwaɗaitar da jama'a su taimaka musu. Ina ganin wannan shi ne hukunci mafi nauyi da wani shugaba ya yanke a duk wannan al'amari. Yaƙin an ɗaura masa alwashin halifan da ya gabata da fatan al'umma gaba ɗaya, janyewa abin kunya ne a idon mutane da yawa, amma ya fifita ran Musulmin da suka rage a kan sunan daula. Ranar 15 ga Agusta, 718, cikin Muharram na shekara ta 100 da aka yi ta jira, aka tashi sansani. Rundunar tudu ta koma ta Anatoliya ba wanda ya tare ta. Jiragen kuwa guguwa ta same su tun a Marmara, wata ta sake samun su a gaba, Tiyofanis ya ce biyar kaɗai suka isa Sham. Rumawa sun danganta tsirarsu ga Maryamu, domin ranar ta dace da babban idin da suke yi mata.

Bayan haka

Hare-haren shekara-shekara cikin Anatoliya sun dawo bayan 'yan shekaru, amma babu wani halifa, na Banu Umayya ko na Abbasiyawa, da ya sake yi wa birnin ƙawanya. Iyaka ta tsaya a tsaunukan Toros ƙarni biyu da wani abu. Maslama bai faɗi ba: shi ya murƙushe tawayen Yazid ɗan Muhallab a Iraƙi a 720, ya yaƙi Khazarawa a Kafkas, ya rasu a 738. Liyo ya yi mulki har 741, ya kafa gidan sarautar da ya daɗe. Da girgizar ƙasa ta 740 ta sake rushe sassan ganuwar, ya ƙara haraji don gyaran ta, sunansa da na ɗansa Kustantin suna rubuce a jikin wasu hasumiyoyin har yanzu. 'Yan Salibiyya da suka ci birnin a 1204 ta ganuwar bakin Ƙahon Zinariya suka shiga. Ganuwar tudu ba a keta ta da ƙarfi ba sai ranar 29 ga Mayu, 1453, lokacin da Sultan Muhammad al-Fatih ya zo da manyan igwa, ya kuma fara da abin da ya gagari Maslama: ya gina kagara a kan Bosforus ya datse hanyar Baƙin Teku tun shekara guda kafin yaƙin, sannan ya jawo jiragensa ta kan tudu ya sauke su a bayan sarƙar.

Anastasiyus yana Tasalonika duk tsawon ƙawanyar. A 719 wasu manyan fada suka rubuta masa cewa birnin na son sa, ya cire rigar zuhudu, ya nemi taimakon Bulgarawa, ya zo da su har bakin ganuwar da ya gyara. Ba wanda ya buɗe masa ƙofa. Liyo ya aika wa Bulgarawa, suka miƙa shi, aka fille masa kai a cikin birnin tare da babban limamin cocin Tasalonika da ya goyi bayansa.